Neman kalma: me za mu kira "fighter pilot" da Hausa?

1/ Jama'a, a taimaka. A labaran rediyo kullum "matuƙin jirgin yaƙi" muke ji, amma sunan ya yi faɗi da yawa. Jirgin da ke ɗauke da bama-bamai na yaƙi ne, wanda ke tare shi a sama ya kakkaɓo shi ma na yaƙi ne, alhali aikinsu ya sha bamban. Matuƙin na biyun shi ne "fighter pilot".

2/ Ku dubi labarin 'yan Poland. Jamus ta mamaye ƙasarsu a Satumban 1939, matuƙansu da yawa suka tsere ta Romaniya zuwa Faransa, da ita ma ta faɗi suka haye Ingila. Su 145 ne suka shiga yaƙin kare sararin samaniyar Birtaniya a 1940. Rundunarsu ta 303, mai sansani a Northolt kusa da Landan, sai ranar 31 ga Agusta aka sake ta, bayan Turawan Ingila sun gama jan ƙafa wai ba su jin Turanci. Da jiragen Hurricane aka lissafa musu harbo jiragen Jamus 126, ko da yake masana sun rage adadin daga baya. Abin ban sha'awa, wanda ya fi kowa harbi a cikinsu, Josef František, ɗan Czech ne.

3/ To in ka ce musu matuƙan jirgin yaƙi kawai, mai karatu sai ya ɗauka bam suke zubawa. Ga shi kuwa 'yan Poland na da rundunonin masu bam daban, ta 300 da ta 301.

4/ Shawarata: jirgin farauta. 'Yan Poland kansu daga farauta suka samo tasu kalmar, myśliwiec. Jamusawa ma haka, Faransawa kuma avion de chasse, 'yan'uwanmu na Nijar sun san shi. Ya ma dace da salonsu, don an san su da matsowa dab da abokin gaba kafin su buɗe wuta.

5/ Wani malamina ya kawo "maharbin sama". Malam, da daɗi a baki, amma ina tsoron a ɗauka sojan da ke harba bindigar kakkaɓo jirgi daga ƙasa ake nufi. Ni dai na tsaya a matuƙin jirgin farauta, jam'insa matuƙan jiragen farauta. Ya ɗan yi tsawo, mai gajeriya ya kawo mu gani.