Tankin bandakin motar tafi-da-gidanka ya daskare, me ƙanena zai yi?

Maman Ilham, Jos:
Assalamu alaikum. Ƙanena yana aiki a Williston ta jihar Dakota ta Arewa a Amurka, kuma saboda tsadar haya yana kwana a motar tafi-da-gidanka, a filin da ake ajiye irinsu. Jiya ya kira ni hankali a tashe, wai bawul ɗin tankin bandaki ya ƙi buɗewa, tiyon zubar da ruwa ya zama ƙanƙara. Mu nan Jos, duk sanyin hunturu ruwa bai taɓa daskarewa a famfo ba. Don Allah wanda ya san lamarin ya taimaka, yaron nan ba shi da kowa a can.

Baban Sadiq:
Wa alaikumus salam Hajiya. Na yi hunturu a Kanada a irin motar. Tambaye shi ko yana barin bawul a buɗe. Galibi matsalar ke nan: ruwa yana ɗiga kaɗan-kaɗan cikin tiyo, yana daskarewa har ya toshe. A tankin bandaki ma ya fi muni, don ruwa zai zurare ya bar bahaya ya taru ya bushe. Ya rufe bawul ɗin tankunan biyu, na bandaki da na ruwan wanka da wanke-wanke. Sai tanki ya kai kashi biyu cikin uku ya zubar, da rana tsaka. Na bandaki da farko, sannan na wanka da wanke-wanke don ya ɗauraye tiyon. Ya tsiyaye tiyon ya ajiye.

Yanzu dai ya narkar da bawul ɗin da na'urar busar da gashi, a hankali. Kada ya sa wuta, kada ya ja da ƙarfi, roba ce.

Injiniya Mai Famfo:
Akwai ruwan hana daskarewa na irin waɗannan motoci, launinsa hoda. Ya zuba a tankunan bayan kowace zubarwa. Ban da na lagireto, wannan guba ne. Ya kuma kewaye ƙasan motar da allon soso mai tare sanyi, iska mai sanyi ce ke saurin daskarar da tanki.

Maman Ilham:
Na gode. Ya ce ya kashe hitar gas yana amfani da ta lantarki, gas na ƙarewa da wuri.

Baban Sadiq:
Ya kunna ta gas ɗin, Hajiya. A motoci da yawa hitar gas ce ke hura ɗumi ƙasa wurin tankuna, ta lantarki ɗaki kawai take ɗumamawa. Amma ya tabbatar na'urar gano iskar guba tana aiki kafin ya kwanta.