Bambancin Seiko 6139-6000 da 6139-6002: wanne ya riga?

Mai tambaya, Tudun Wada:
Assalamu alaikum. An nuna mini tsofaffin agogunan Seiko guda biyu masu ƙidayar lokaci, irin waɗanda ake shiga ruwa da su, dukkansu masu fuska ruwan ɗorawa da zobe ja da shuɗi. A ido kamar tagwaye suke, amma murfin bayan ɗaya yana ɗauke da 6139-6000, ɗayan kuma 6139-6002, kuma mai su ya tsawwala kuɗin na farkon. Malamai, ina bambancin yake?

Mai gyaran agogo, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam, Malam. 6139-6000 ne ya riga 6139-6002 fitowa. Fara duba rubutun da ke kusa da ƙarfe tara a fuskar agogon. Waɗanda suka fara fitowa daga 1969 suna ɗauke da "Water 70m Proof", na baya kuwa an mayar da kalmar ƙarshen "Resist". Sannan ka juya shi ta gefe, domin gangar jikin na farkon tana da 'yar tsaga daidai saman abin murɗawa, wadda aka daina yi daga baya. Lambar siriyal da ke murfin baya, ba lambar samfurin da ka ambata ba, ita ce alƙali: adadi na farko shi ne adadin ƙarshe na shekarar da aka ƙera shi, na biyu wata. Idan lambar ta nuna 1974 alhali fuska tana cewa "Proof", to haɗe-haɗe aka yi, kuma ni ba zan biya kuɗin na asali a kansa ba, komai ƙyallinsa.

Wani dattijo, Samaru:
Maigida ya faɗi gaskiya. Zan ƙara da cewa a buɗe a ga injin, saboda 6139A ya riga 6139B, kuma ya kamata inji da fuska da murfi su yi daidai da zamani ɗaya. Wasu kuma ranakun makonsu da Larabci suke fitowa tare da Turanci, irin waɗanda aka yi wa kasuwar ƙasashen Larabawa, don haka wannan ba alamar jabu ba ce.

Mai gyaran agogo, Sabon Gari:
Haka ne, Alhaji. Sai dai kada mita 70 ɗin nan ta ruɗe ka, Malam, domin robar da ke tare ruwa ta shekara hamsin, zafi da hunturu sun busar da ita. Ko alwala za ka yi, cire shi har sai an sauya robar an gwada.