Gwangwanin tsoffin kwabban Ingila: me zan duba kafin in taya?

Ɗanjuma_K:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ana tallar wani gwangwani na tsoffin kuɗin Ingila, tsaba kamar 200, kuma a haɗe za a sayar, mai kayan bai yarda a tsinta ba. Galibi kwabbai ne na tagulla tun daga zamanin Sarauniya Biktoriya har zuwa 1967, sai sulalla da sisi wajen talatin, da wata babbar farar tsaba mai shekarar 1905, da guda ɗaya rawaya da aka ce zinariya ce. Akwai ma masu huji a tsakiya. An ba ni damar zama in duba na awa ɗaya. Waɗanne shekaru zan nema, yaya ake bambance iri da iri a shekara guda, kuma ta ina ake kama jabu?

Mai_Sikeli:
Wa alaikumus salam. Malam Ɗanjuma, tunda an yarda ka duba, ai ba cinikin biri a sama ba ne. Ka tafi da abu huɗu: ƙaramin sikelin 'yan gwal mai nuna ɗaya cikin ɗari na giram, gilashin ƙara girma ninki goma, ma'aunin faɗi na milimita, da maganaɗisu.

Fara da maganaɗisu. Babu tsabar Ingila ko ɗaya ta kafin 1971 da yake kamawa, don haka duk wadda ta manne ka ware ta gefe.

Sannan fararen, domin su ne ƙasan farashinka. Daga 1919 zuwa baya azurfar kashi 92.5 ce cikin ɗari. Daga 1920 zuwa 1946 an rage ta zuwa rabi. Daga 1947 babu azurfa ko ƙwayar zarra, haɗin jan ƙarfe da nikel ne, komai ƙyallinsa. Nauyin kuwa bai canza ba duk tsawon wannan lokaci: sisi giram 2.83, sule 5.66, fataka (sule biyu) 11.31, sule biyu da sisi 14.14, babbar ta sule biyar 28.28. Lissafin mai sauƙi ne. Fam ɗaya, wato sule ashirin, nauyinsa giram 113 ne. In na kafin 1920 ne akwai zallar azurfa kusan giram 104 a ciki, in na rabi-da-rabi ne kusan 56. Ka ɗan rage wani abu saboda goguwa, don sulen da ya sha hannu yakan sauko zuwa 5.3 ko ƙasa.

Kwabon tagulla daga 1860 giram 9.45 ne, faɗinsa kusan milimita 31. In ka ga wani ƙato na Biktoriya mai ninkin wannan nauyi, na jan ƙarfe ne na kafin 1860, ba jabu ba ne. Kada yawan kwabban ya ruɗe ka. Na 1967 kaɗai an buga sama da miliyan 600, ana ta bugawa da wannan shekarar har bayan ta wuce, saboda haka da kilo ake sayar da su. Na Sarki Joji na Shida da ya kamata ido ya tsaya a kai su ne 1950, wanda aka buga 240,000, da 1951 mai 120,000 kacal. A na Biktoriya ka nemi 1869. In kuwa ka ga 1933, to ka ɗauka jabu ne kai tsaye: waɗanda aka sani ba su kai goma ba, kuma an san inda kusan dukkansu suke. Da yawa cikin sauran da ke yawo lambar ƙarshe aka kankare ta wata shekarar aka gyara.

Hajiya_Anini:
Mai_Sikeli ya gama da awo, bari in ɗora da maganar iri, wadda ita ce ke cin lokaci. Shawarata, Malam, ka jera kwabban shekara-shekara a kan farin ƙyalle, bayan waɗanda Mai_Sikeli ya ambata, ka fitar da waɗannan kawai: 1860, 1874 zuwa 1876, 1881, 1882, 1895, 1902, 1903, 1912, 1918, 1919, 1926. Sauran ka bar su sai ka samu sarari.

Na Joji na Biyar su ne mafi sauƙi. Juya bayan, inda matar nan Biritaniya ke zaune riƙe da mashi mai baki uku. Ƙarƙashin layin da take zaune a kai ne shekarar take, kuma a hagun shekarar, can kusa da baki, za ka ga ɗan ƙaramin harafi in akwai. H na nufin kamfanin Heaton na Birmingham ne ya buga, KN kuma na King's Norton, shi ma a Birmingham. Gidan buga kuɗi na Landan ne aiki ya yi wa yawa ya ba su kwangila. H yana kan 1912, 1918 da 1919, KN kuwa 1918 da 1919 kaɗai. Na 1912H ba shi da wata wuya, kada a tsuga maka kuɗi a kansa. Masu KN ne ake nema, musamman 1919, kuma sau da yawa launinsu ya fi ja. Wani abu da ke ruɗa sababbin shiga: 1918H da 1919H yawancinsu tun daga bugu suka fito da dushi-dushi, domin an yi ta amfani da hatimin da ya gaji. Sai ka ga kan sarkin ba gashi, amma sauran jikin tsabar bai goge ba. Wannan raunin bugu ne, ba tsufa ba, ko da yake duk da haka yana rage kuɗi.

A na Biktoriya H ɗin ba a hagu yake ba, ƙarƙashin shekarar yake. Nan akwai tarko. Kusan duk kwabban 1882 a Birmingham aka buga su, don haka wanda ba shi da H shi ne mai tsananin wuya. Sai dai harafin yana daf da baki, wurin da ke saurin goguwa, wasu kuma da gangan suke kankare shi. Gogaggen 1882 da ba a ga H a kansa ba, kada ka biya masa ko sisi fiye da na kowa.

Na 1902 kuma maganar teku ce. Dubi layin ruwan da ke gefen dama, inda ya zo ya taɓa ƙafafun Biritaniya. A na kullum yana haɗuwa da su daidai inda ƙafafun biyu suka gitta. A wanda ake nema ruwan ya janye, layin ya sauko ƙasa da haka a fili. Ka ɗora shi kusa da kwabon 1904 ko 1905 za ka ga bambancin ba tare da gilashi ba. Na 1895 awo ne: tsakanin bakin mashin da harafin P na PENNY, milimita ɗaya shi ne na kowa, milimita biyu shi ne mai wuya. Na 1903 ka dubi lamba 3, akwai wadda bakinta ya fi buɗewa. Na 1860 ka dubi da'irar bakin tsabar, ko ɗige-ɗige ne zagayayyu ko haƙora dogaye. Masu ɗige aka fara bugawa, kuma akwai 'yan kaɗan da fuska ɗaya ɗige ɗayar haƙora, waɗannan kuɗi ne sosai.

Na 1926 shi ne ya fi wahalar da mutane. Tsohon kan Joji na Biyar ya yi tudu da yawa, yana janye ƙarfe lokacin bugu har inuwarsa ta riƙa fitowa ta baya, sai aka gyara shi cikin wannan shekara. Wanda aka gyara shi ne mai daraja. Alamar tana kan yankan wuya, inda haruffan mai zanen suke: a tsohon kai B.M. ne da ɗigo, a sabon BM ne ba ɗigo, kuma sun matsa wajen ƙeya. In haruffan sun goge, ɗauko kwabon 1922 da na 1927 ka sa na 1926 a tsakiyarsu. Na 1922 tsohon kai ne, na 1927 sabo.

Baban_Sadiq:
Gyara kaɗan ga Mai_Sikeli: a 1920 akwai sisi da taro da aka buga da tsohon haɗin kafin a sauya, amma a ciniki ka lissafa duk 1920 a rabi, ba za ka yi asara ba.

Tsabar 1905 ɗin nan ita ce za ta iya ɗaga cinikin ko ta kayar da kai. In ta yi wajen giram 11.3 kuma Biritaniya a tsaye take a kan goshin jirgin ruwa, fataka ce. In ta yi 14.1 da garkuwa cikin ɗamara, sule biyu da sisi ce, wadda ba a buga fiye da 170,000 ba a shekarar, shi ya sa tana cikin waɗanda aka fi yi wa jabu a duk kuɗin Edwad na Bakwai. Jabun iri biyu ne. Akwai na zubi: fuskarsa da ƙananan ramuka kamar ƙuraje, haruffa sun kumbura ba kaifi, wani lokaci da ɗan layi a gefe inda mazubin ya haɗu, kuma in ka ɗora shi a kan yatsa ka ƙwanƙwasa ba ya yin doguwar ƙara. Akwai kuma tsaba ta gaske ta wata shekara da aka canza wa lamba. Wannan sikeli ba ya kama shi, sai gilashi: kewayen 5 ɗin zai yi ɗan kwari ko santsi daban da sauran wurin, ko lambar ta karkace.

Rawayar kuwa, fam na zinariya giram 7.98 ne, faɗi milimita 22, kauri wajen ɗaya da rabi. Rabin fam 3.99. Zinariya ta ninka tagulla nauyi, don haka jabu in ya dace a faɗi zai gaza a nauyi, in ya dace a nauyi zai yi kauri. Karanta rubutun ma. In ka ga TO HANOVER, ko IN MEMORY OF THE GOOD OLD DAYS, ba kuɗi ba ne sam, 'ya'yan wasan karta ne na rawayan ƙarfe da aka yi ta bugawa a ƙarni na 19. Sisin 1887 ma an sha shafa masa ruwan gwal a ce rabin fam ne, har dole aka canza zanen bayansa a shekarar.

Ɗanjuma_K:
Allah ya saka da alheri. Saura masu hujin. Sannan wasu kwabban sun yi baƙi, wasu da kore a jiki. In na saya in wanke su?

Hajiya_Anini:
Kul! Ban da tsamiya, ban da toka, ban da lemun tsami ko man goge ƙarfe. Ruwan ƙasa-ƙasan da tagulla ke yi da shekaru shi masu tarawa ke so, kwabon da aka goge ya koma jawur kuwa ana gane shi daga nesa, kuma darajarsa ta tafi ba dawowa. Wasu ma da baƙinsu aka fito da su: kwabban 1944 zuwa 1946 gidan bugun ne ya dusashe su, haka ƙananan tsabar rubu'in kwabo daga 1897 har wajen ƙarshen yaƙin duniya na farko, don kada a ɗauke su rabin fam na zinariya. Datti da maiƙo kaɗai ake cirewa, ta hanyar jiƙa tsabar cikin sinadarin asiton zalla na 'yan mintoci, a bar ta ta bushe ba tare da an murza ba. Koren nan kuwa cin ƙarfe ne, laima ke hura shi, kuma yana kama na kusa. Ware masu shi daban. Ka adana kowace tsaba mai daraja a ɗan ambulan na takarda, kada ka sa a ledar roba mai laushi, domin da zafi tana fitar da wani kore mai danƙo.

Masu huji, duba hujin. In wanda aka huda da ƙusa ne don abin wuya, ko aka liƙa wa kunne da dalma, kuɗin azurfarta kawai za ka biya. In kuwa hujin tun na asali ne, da tauraro mai tsini shida a baya da rubutun Larabci, wannan ba kuɗin Ingila ba ne, namu ne na Afirka ta Yamma ƙarƙashin Turawa: kwabo, ɗari (rabin kwabo) da anini. Su ma suna ɗauke da H da KN, don kamfanonin nan ne suka buga da yawansu. A cikinsu za ka iya samun na 1936 mai sunan Edwad na Takwas, sarkin da ya yi murabus kafin kuɗinsa su fita a Ingila. Abin sha'awa ne, amma an buga su da yawa, ba su da tsada.

Mai_Sikeli:
Wajen tayi, ka haɗa kuɗin azurfa bisa farashin ranar, ka sa kwabban gama-gari a kilo, sannan ka ƙara abin da ka tabbatar da idonka kaɗai. Farashin da ke cikin kundin farashin tsabar Ingila na shekara-shekara na tsabar da ba ta da tabo ne, kuma tsakanin gogaggen 1919KN da wanda gashin sarki ke fita sarai akwai ninki masu yawa. Ta 1905 da rawayar, in ba su ci jarrabawar sikeli da gilashi ba, ka lissafa ta farko a azurfa, ta biyu a banza. In mai kayan ya dage cewa na gaske ne, ya cire su daga gwangwanin ku yi cinikin sauran.