Allo ya yi baƙi bayan sabunta Xorg: a ɗaure tsohuwar siga ko a bi sawun matsalar?

Nasiru: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da magana, domin na ga ana tsorata mutane a kanta ba gaira ba dalili. Ra'ayina shi ne, idan ka sabunta sabar nuni, wato Xorg, manhajar da ke fito da tagogi a allo a tsarin Linux, ta hanyar manajan fakiti (mai girka manhajoji da sabunta su, kamar apt), ka kunna kwamfuta allo ya yi baƙi ƙirin, to abin da hankali zai ɗauka shi ne ka dawo da tsohuwar siga, ka ɗaure ta don kada ta sake sabuntuwa, ka ci gaba da aikinka. Haka na yi da na ɗaga wata tsohuwar kwamfuta mai nau'in Linux na Debian daga Debian 11 zuwa Debian 12. Xorg ta tashi daga 1.20 zuwa 21.1, allon shiga ya ƙi fitowa, sai ɗan gajeren layi yana ƙyafta ido a kusurwar sama. Na dawo da `xserver-xorg-core` na da, na buga `apt-mark hold` a kansa, komai ya koma yadda yake. Abin da ke aiki a ƙyale shi.

Hadiza: Wa alaikumus salam. Malam Nasiru, kafin ka dawo da tsohuwar, ka duba abin da sabar ta rubuta lokacin da ta faɗi? Idan ka danna Ctrl+Alt+F3 za ka samu taminal, inda ake buga umarni, ko da allon hoto ya mutu. Rahoton yana `/var/log/Xorg.0.log`, ko `~/.local/share/xorg/Xorg.0.log` idan ba da ikon root (asusu mai cikakken iko a tsarin) take tashi ba. Layukan da suka fara da (EE) su muke nema.

Nasiru: Na kwafe shi na ajiye tun a lokacin. Biyu ne suka fi ɗaukar ido:

`(EE) module ABI major version (24) doesn't match the server's version (25)`
`(EE) no screens found`

Malam Bashir: Madalla. Ai ga amsar nan a rubuce, kuma ba ta goyi bayanka ba. Sabar ba ta lalace ba. Direban katin hotonka, wato manhajar da ke sarrafa katin, shi ne aka gina a kan tsarin haɗi (ABI) na 24, wanda Xorg 1.20 ke amfani da shi, ita kuwa 21.1 da ta fito a Oktoban 2021 ta koma na 25. Da ta ga lambobin sun saɓa sai ta ƙi loda direban da gangan, don in ta loda shi zai riƙa taɓa wuraren da suka riga suka sauya a cikinta. Da ta rasa direba sai ta ce ba ta ga allo ba, ta fita.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne yadda apt ya bari aka kai ga haka. A Debian, fakitin sabar yana shelanta wani suna, `xorg-video-abi-24` ko `xorg-video-abi-25`, kowane direba kuma yana dogara da wanda aka gina shi a kai. Da direbanka ta hannun apt ya shigo, ɗaya daga biyu za ka gani: ko `apt upgrade` ya ce ya riƙe sabar bai ɗaga ta ba, ko `apt full-upgrade` ya gaya maka zai cire direban, ya jira amincewarka. Ta ina ka sa direban nan?

Nasiru: Daga shafin kamfanin da ya ƙera katin na sauke fayil ɗin girkawa. Katin tsoho ne, sun daina fitar masa da sabon direba.

Malam Bashir: To shi ke nan. Manajan fakiti abin da ke cikin kundinsa kawai yake tsarewa. Fayilolin da mai girkawan nan ya zuba a cikin tsarin, apt bai san da zamansu ba, don haka bai ga dalilin tsayawa ba.

Zainab: Ni dai bari in tsaya wa Malam Nasiru a nan. Duk bayanin nan gaskiya ne, amma mutumin da ke da aiki a gabansa kuma allo ya mutu, ba darasin ABI yake nema ba. Yana son ya ga teburinsa. Dawo da tsohuwar siga hanya ce halastacciya, shi ya sa ma aka tanadar mata kayan aiki: Fedora na da `dnf history undo`, Debian na da taskar snapshot.debian.org inda tsoffin fakitoci suke, Arch na ajiye abin da ka taɓa saukewa a `/var/cache/pacman/pkg`. Da laifi ne da ba a gina waɗannan ba.

Aminu: Anti Zainab, babu mai jayayya da komawa baya na ɗan lokaci. Ni kaina da Arch nake aiki, kuma `pacman -U` a kan tsohon fakiti ya sha fitar da mutane daga ƙunci. Inda muka rabu da Malam Nasiru shi ne ɗaurewar da ba ranar kwancewa. A wurinmu ana sa sunan fakiti a `IgnorePkg` cikin `/etc/pacman.conf`, kuma masu tsarin sun faɗa ƙarara cewa ba sa tallafa wa sabuntawar rabi da rabi. Dalilin a fili yake. Xorg ba ita kaɗai take tsaye ba, tana jingine da ɗakunan lambobi da yawa, wato fayilolin da manhajoji ke tarayya a kansu, irin su Mesa da libdrm. Sauran tsarin yana tafiya, ita tana tsaye wuri ɗaya, wata rana ɗaya daga cikinsu zai canja lamba, tsohuwar sabar ta nemi fayil ɗin da babu shi. Ran nan allon zai sake yin baƙi, kuma zai fi na farko wuyar ganewa, domin mai kwamfutar ya manta ma ya taɓa ɗaure wani abu.

Nasiru: Wannan matsalar Arch ce, inda komai ke gudu kullum. Debian tsayayya ce, ɗakunan lambobinta ba sa canja siga a tsakiyar zango.

Hadiza: Nan kam ka yi gaskiya, haɗarin da Aminu ya faɗa ya fi sauƙi a wurinka. Amma akwai wanda ya fi shi. Fakitin da ka ɗaure ba zai sake samun gyaran tsaro ba. Xorg tsohuwar manhaja ce ƙwarai: X11, tsarin da take bi, ta fito tun 1987, X.Org kuma ta gaji lambobin XFree86 ne da aka rabu a 2004. Har yanzu ana tono ramuka a cikinta ana toshewa a kai a kai. Ka tuna CVE-2018-14665, wanda ya ba mai asusu na gama-gari damar zama root ta hanyar zaɓin `-logfile` da `-modulepath`, sai a siga 1.20.3 aka toshe shi. Irin waɗannan gyare-gyaren ta `xserver-xorg-core` suke zuwa, wato ta ƙofar da ka kulle.

Nasiru: Ni kaɗai nake amfani da kwamfutar. Wa zai zama root a kaina?

Hadiza: Ba sai mutum ya zauna a kujerarka ba. Duk manhajar da ta buɗe taga tana magana da sabar kai tsaye, har da burauzar da kake shiga intanet da ita. Kuma tsoffin direbobin da ba sa barin kanel, wato zuciyar tsarin Linux, ya saita allo galibi suna tilasta wa Xorg tashi da ikon root. Ka buga `ps -o user,cmd -C Xorg` ka gani. In root ce ke riƙe da ita, rami a sabar ya zama rami a dukan tsarin.

Usman: Ku gafarce ni, amma duk wannan wahalar ta X ce, wato Xorg. Wayland, sabon tsarin nuni da ke maye gurbinta, ta fara tun 2008, Fedora ta mayar da ita ta asali a 2016 da siga ta 25, Debian ta bi sahu a GNOME tun siga ta 10. Masu kula da Xorg ɗin ma yawancin ƙarfinsu ya koma can. Malam Nasiru ya bar X kawai ya huta.

Malam Bashir: Usman, da wane direba? Rufaffen direban da aka daina sabuntawa tun kafin 21.1 ba zai ɗauki Wayland ba, don ita tana buƙatar kanel ne ya riƙe saitin allo. Ka tura shi can da direban da yake da shi yanzu, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Kuma kada mu manta Ubuntu ta gwada Wayland a 17.10, ta koma Xorg a 18.04, sai a 21.04 ta sake dawowa. Hanyar ba ta miƙe wa kowa lokaci ɗaya ba.

Usman: Na karɓi maganar direban. Amma in ya koma buɗaɗɗen direba, ƙofar Wayland ta buɗe masa.

Malam Bashir: Wannan haka ne, kuma can nake son mu je. Sai dai kafin nan akwai abin da ya fi damuna a maganar Nasiru ta farko, wato yadda ya mayar da abin da ya same shi doka ga kowa. Baƙin allo bayan sabuntawa alama ce kawai, sababinta ya fi ɗaya, kuma a mafi yawansu dawo da tsohuwar Xorg ba zai motsa komai ba.

Wanda aka fi gani shi ne sabon kanel ya shigo tare da sabuntawar, amma direban da DKMS (mai sake gina direbobi ga kowane sabon kanel) ke ginawa bai ginu a kansa ba, sau da yawa saboda ba a girka `linux-headers` na wannan kanel ɗin ba. `dkms status` zai nuna, kuma zaɓar tsohon kanel daga jerin GRUB da ke fitowa lokacin kunna kwamfuta zai tabbatar maka nan take. Akwai sabuntawar da ta katse a tsakiya, wuta ta ɗauke ko faifai ya cika, fakitoci suka tsaya an buɗe su ba a saita ba. Maganinta `df -h` don ganin sarari, sannan `dpkg --configure -a` da `apt --fix-broken install`. Akwai kuma tsohon `xorg.conf` da ke kiran direban da aka riga aka cire. Wani lokaci ma sabar lafiyarta ƙalau, manajan shiga ne ya faɗi, sai a `journalctl -b` za ka gan shi. Mutumin da ke cikin ɗaya daga waɗannan, in ya bi shawararka ya dawo da Xorg ya ɗaure, allonsa na nan baƙi, ga kuma sabuwar matsala ya ƙara wa kansa.

Shi ya sa nake cewa a fara da karatu. `/var/log/apt/history.log` zai gaya maka abin da aka sabunta da abin da aka cire. Mutane da yawa suna danna amincewa ba su karanta jerin abin da za a cire ba, alhali nan ne maganar take.

Zainab: To a nan na yarda. Komawa baya ya dace da wanda ya san abin da ya karye. Amma har yanzu ba ku ba shi mafita ba. Katin nasa ba sabon direba, kun hana shi ɗaurewa. Ya jefar da kwamfutar ke nan?

Aminu: Akwai zaɓin `IgnoreABI` da ake sawa a sashen `ServerFlags`, yana sa sabar ta loda direban duk da saɓanin lamba. Wasu ya yi musu aiki.

Hadiza: Yana yi wa wasu, wasu kuma sabar ta riƙa faɗuwa ana tsakiyar aiki, abin da ba a ajiye ba ya tafi. Binciken lambar nan kariya ce, kashe shi bai sauya abin da ke cikin direban ba. Ni abin da zan fara gwadawa shi ne direban `modesetting`, wanda ke cikin fakitin sabar kanta tun siga 1.17. Tare suke tafiya, don haka saɓanin ABI ba ya tasowa. Malam Nasiru, ga yadda za ka bi: ka cire direban kamfanin da na'urar cirewarsa, kada ka goge fayiloli da hannu. Ka leƙa `/etc/modprobe.d`, irin waɗannan masu girkawa suna barin fayil da ke hana buɗaɗɗen direban kanel tashi, ka kawar da shi. Ka sauya wa `/etc/X11/xorg.conf` suna don sabar ta gano kayan da kanta. Ka sake girka fakitocin Mesa, saboda mai girkawan yakan danne wasu fayilolinsu. Sannan `update-initramfs -u`, `apt-mark unhold xserver-xorg-core`, `apt full-upgrade`, ka karanta jerin da kyau kafin ka amince.

Nasiru: Bari in gwada. Na ajiye kwafin tsarin da manhajar Timeshift tukuna, in abin ya ƙi in dawo.

Nasiru: Na dawo. Tebur ya fito a kan 21.1, kuma da na cire ɗaurin sai ga wasu fakitocin direbobi da apt ya daɗe yana riƙewa sun sabuntu tare. Amma fa ban sauka daga ra'ayina gaba ɗaya ba. Bidiyo yana ɗan sarƙewa, jan taga ma ba santsi kamar da. Akwai wata kwamfutar mai irin katin nan da ake aikin zane da ita, ita kam ba zan iya kai ta ga wannan ba. Tana kan Debian 11 har yanzu, kuma niyyata in ɗaga ta in ɗaure Xorg kamar yadda na yi a nan.

Malam Bashir: In direban kamfanin ya zama dole a kanta, kada ka ɗaga ta. Tsarin da yake cikakke a kan siga ɗaya ya fi wanda aka haɗa sabo da tsoho, domin Xorg 1.20 da ke cikin Debian 11 ana toshe mata ramuka muddin sigar na cikin tallafi, kuma tallafin dogon zangonta an tsara shi ne zuwa ƙarshen Agustan 2026. Bayan wannan wa'adi maganar ta zama ta sauya kati, ba ta fakiti ba.

Zainab: Wannan ma ai riƙe tsohuwa ne, Malam, sai dai duka tsarin aka riƙe.

Malam Bashir: Haka ne, amma wannan akwai masu kula da shi, kuma ranar ƙarewarsa sananniya ce.

Hadiza: Malam Nasiru, kafin ka yanke hukunci a kan sarƙewar bidiyon, girka `mesa-utils` ka buga `glxinfo | grep renderer`. In ka ga `llvmpipe`, to katin ba ya aikin zane sam, firosesa ce ke zana komai, kuma wataƙila saura fayil ɗin hanawa ko fakitin firmware da ba a girka ba. Turo mana abin da ya fito, tare da layukan `dmesg` da suka ambaci drm.