Me za mu kira "rising damp" da Hausa?

Mai tambaya:
Salamu alaikum. Gidan da muke zaune a Landan tsoho ne, na jan bulo, tun zamanin Sarauniya Biktoriya. Filastar falo ta kumbura daga ƙasa har kusan ƙugu, fenti na ɓarewa, ga wani farin gari kamar kanwa. Mai duba gini ya ce "rising damp" ne. Na buga wa Baba waya a Kano in yi masa bayani, na ce "danshi mai hawa", ya ce mai hawa me, doki? Don Allah a taimaka da kalma.

Malamar makaranta:
Wa alaikumus salam. Laima mana, ko danshi. Me ya sa sai an ƙirƙiro sabuwa?

Mai tambaya:
Malama, laima ta yi faɗi. A nan Ingila sun kasa matsalar kashi uku: ruwan da ke tasowa daga ƙasa, wanda ke ratso bango daga waje saboda tsagewa ko indararo, da tururin girki da wanka da ke kwanciya a bango mai sanyi. Duka laima ce, amma kowace da maganinta.

Tsohon magini daga Zariya:
Ɗana, ba sai ka ƙirƙiro ba. Naso ake cewa. Sabon tulu yana naso, gindin bango ma yana naso da damina. Bango shan ruwa yake yi kamar yadda lagwani ke shan kananzir, yana ja sama ta 'yan kafofin da ido ba ya gani, har ya gaji ya tsaya, galibi wajen mita 1. A nan za ka ga zane mai duhu ya bi bango kamar an shata. Farin garin nan kuwa gishirin ƙasa ne da ruwan ya ɗauko. Ruwa ya bushe ya bar shi, shi ne ke cin filasta. Kuma gishirin kan jawo danshi daga iska, shi ya sa ko ka toshe hanyar ruwan, in ba ka sassaƙe tsohuwar filastar ba, tabon zai dawo.

Ɗalibin injiniya:
Baba magini ya gama magana. Sai dai naso shi kaɗai zai iya zama na rufi ko na bututu. A ce nason ƙasa. Abin da birkilolinmu ke kira difisi, wato shimfiɗar leda ko kwalta a saman harsashi, don tare shi ake yi. A Ingila sai bayan dokar lafiyar jama'a ta 1875 abin ya fara zama dole, don haka gidaje da yawa da suka girmi wannan ba su da ita.

Tsohon magini:
To kada ka yarda a lafta maka siminti mai ƙarfi a kai. Mun gani a gidajen ƙasa na cikin birni: a shafe bangon tubali da siminti, ruwa ya rasa mafita, ya ruɓar da ginin daga ciki, wata rana shafen ya faɗo falle guda. Makuba da laso da iyayenmu ke amfani da su ba sa shaƙe bango haka. A sassaƙe har a wuce zanen da kamar taƙi guda, a bar shi ya sha iska. Ba a gaggawa, bango mai kauri watanni yake ɗauka.

Mai tambaya:
Haka mai dubawar ya ce, a mayar da shafen farar ƙasa irin na asali, mai barin bango ya yi numfashi. To mun tsaya a nason ƙasa. Na tururi fa?

Malamar makaranta:
Wannan ai gumin bango ne. Na janye laimata.

Mai tambaya:
Na sake kiran Baba na ce nason ƙasa ne. Bai bari na ƙarasa ba ya ce in fara duba ko an tara ƙasar fulawoyi a jikin bangon ta waje. An tara kuwa.