Toshe talla a waya: masu shafi da masu karatu na Maradi sun faɗi abin da suka gani

Mai shafin farashin kaya, unguwar Zariya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ɗan shafi da nake sa farashin gero da wake da canjin naira da sefa a Ɗan Isa. Masu shiga kullum ƙaruwa suke, amma kuɗin talla sai baya yake yi, domin da yawa suna shigowa da burauzar da ke tare talla tun kafin ta buɗe. A tsarin AdSense, wato tallar Google da nake sawa a shafin, tun 2024 ana lissafi ne a kan sau nawa talla ta bayyana. In ba ta fito a wayar mai karatu ba, ko tamma ba a rubuta maka, kuma sai kuɗinka ya cika dalar Amurka 100 ake turo maka. Ni kuwa ga kuɗin ajiye shafi duk shekara, ga forfe, ga man babur na zagaya kasuwa. Don Allah kowa ya faɗi nashi.

Ɗalibi, Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo:
Wa alaikumus salam yaya. Ina cikin masu toshewa, kuma ba don ƙeta ba ne. Forfe na jika guda nake lallaɓawa. Sai ka buɗe shafi don layi biyar, bidiyon talla ya tashi da kanshi, ga rezo ba ƙarfi, mega ta tafi labarin bai fito ba. Burauzar Opera Mini nake amfani da ita, tun 2016 take da abin toshe talla a cikinta.

Malamar lakkwal, Ali Ɗan Sofo:
Ni ba mega ce ta dame ni ba. Wata rana ina duba yadda ake haɗa wani cincin, ɗiyata ƙarama tana jingine a kafaɗata tana kallo, sai ga hoton mace rabi tsirara da tallar maganin maza ya rufe fuskar wayar. Na danna ɗan gicciyen don ya tafi, sai ya jefa ni shafin caca. Na kife wayar a tabarma, yarinya tana tambayata mene ne wancan. A ranar na kai aka sa mini abin toshewa. Malam, ina tausayin wahalarka, amma tarbiyyar yara ta fi mini.

Mai gyaran waya, Sabon Gari:
Irin su Malama kusan kullum suna zuwa rumfata. Wasu ma da tsoro suke zuwa, wai talla ta ce musu wayarsu ta kamu da cuta. Abin toshewar nan, ko uBlock Origin ne ko burauzar Brave, jerin adireshin kamfanonin talla yake riƙe da shi, duk abin da ya taso daga can sai ya hana shi sauka. Ba ya bambance shafin mutumin kirki da na ɗan damfara. Amma akwai wurin da ake cire shafi ɗaya daga toshewar, kuma ina nuna wa duk wanda ya yarda da wani shafi.

Rigimar ba tamu kaɗai ba ce. A Jamus jaridar Bild ta rufe shafinta ga masu toshe talla a 2015, kamfaninta kuma ya kai masu Adblock Plus, wani abin toshe talla, kotu, a 2018 babbar kotun ƙasar ta ce toshewar ba ta saɓa dokar gasar kasuwanci ba. A shekarar ne ma burauzar Chrome ta fara tace tallar da ke damun mutane. Yaya, kar ka kwaikwayi Bild. Su suna da masu biyan kuɗin wata, kai in ka rufe ƙofa mutane WhatsApp za su koma neman farashi.

Mai shafin girki da kayan mata, Bagalam:
Ƙanena, na bi ta nan. Na taɓa sa tallar wani ƙaramin kamfani na waje, mata suka riƙa kirana suna cewa Hajiya mene ne wannan a shafinki. Na cire ta gaba ɗaya. Yanzu da ƙafata nake zuwa wurin mai atamfa, mai man gyaɗa, mai turaren wuta. In ɗauki hoton kayan, in rage mishi nauyi, in ɗora shi kamar kowane hoto na shafin da lambar mai kaya. Yawanci abin toshewa ba ya taɓa shi tunda ba daga kamfanin talla ya fito ba, kuma mai karatu ta san shagon, tana iya zuwa ta taɓa atamfar da hannunta. Wahalarshi bin bashi. Wani Alhajin sai ka yi ta sintiri, kullum "dawo bayan la'asar". Don haka yanzu rabi nake karɓa kafin hoto ya hau.

Tsohon ma'aikacin rediyo:
Hajiya ta faɗi gaskiya, da sanarwar aure da suna da cigiya gidajen rediyo suke rufa wa kansu asiri. Sai dai ɗana, kai farashi kake bugawa. Ranar da ɗan kasuwar da ke ba ka talla ya ce ka ɗan ɗaga kuɗin buhun wake a shafi, ka ƙi, ko da zai janye tallarshi.

Mai shafin farashin kaya:
Na gode Baba, na riƙe wannan. Malama, yau zan cire duk tallar da ke rufe fuska da mai bidiyo, ki gwada buɗe mini in kin ga shafin ya tsabtata. Hajiya, ke a sati kike yanka musu kuɗi ko a wata?