Gwamnan Damagaram da na Jigawa: ina ikonsu ya bambanta?

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum malamai. Mu ma a Nijar muna da jahohi 8 da gwamnoni, amma Najeriya ake kira tarayya, mu ba a kiranmu. Don nasu 36 ne, ko akwai wani dalili?

Malamin Zango:
Wa'alaikumus salam. Ƙanena, ba yawa ba ne, duba inda ikon ya fito. Kundin tsarin mulki na 2010, wanda aka dakatar a 2023, ya ce Nijar ƙasa ce dunƙulalliya. Daga Yamai ake naɗo gwamnan Damagaram, ikon majalisun jaha da na komin (ƙananan hukumomi) kuwa aro ne, mai abu na iya karɓe abinsa, kamar yadda aka rusa su a Afrilun 2024. Gwamnan Jigawa jama'arsa suka zaɓe shi, kuma kundin Najeriya na 1999 da kansa ya yi rabon iko. Tun farko ya lissafa abubuwa 68 na gwamnatin tarayya ita kaɗai, irin su soja, kuɗin ƙasa, kwastan da ma'adinai. Akwai jerin haɗaka, inda kowa ke iya yin doka, amma in dokokin suka ci karo ta tarayya ce a sama. Abin da ba a lissafa ba na jaha ne. Sauya wannan rabo sai da kashi biyu cikin uku na majalisun tarayya biyu, sannan majalisun jahohi 24 su amince. Ta wannan hanya jirgin ƙasa ya koma jerin haɗaka a 2023, aka kuma faɗaɗa ikon jahohi a kan wutar lantarki.

Hajiya ta Sabon Gari:
Malam ya yi bayani, sai dai a aljihu tarayya ke rauni. Kuɗin mai asusu ɗaya suke shiga, a cire kashi 13 cikin ɗari na jahohin da ake haƙo shi, sauran a raba: tarayya 52.68, jahohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 su ɗauki 20.60. Jahar da harajinta bai biyan albashi dole ta zuba wa Abuja ido duk wata. Ga 'yan sanda: sashe na 214 ya ce runduna ɗaya ce tak, don haka kwamishina na iya cewa sai ya ji daga sama kafin ya bi umarnin gwamna. A ganina wannan ne babban giɓin kundin.

Ɗan Birni:
To in rigima ta tashi tsakanin jaha da tarayya, Hajiya, wa ke rabawa?

Hajiya ta Sabon Gari:
Kotun Ƙoli, kai tsaye, ba sai an bi ta ƙananan kotuna ba. Ita ce a Yulin 2024 ta yanke cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu ba tare da ya bi ta hannun gwamnoni ba, kuma kantomomin naɗi ba su da hurumin taɓa shi.